Tsakanin Kududdufi da Goron Gaisuwa

Na rubuta wannan shafin na goge, na sake rubutawa na sake gogewa, har wayar ta ɗau zafi a hannuna. Masu tambayata ko Baba ya amince, to ya amince. Amma don Allah ku riƙe guɗar taku tukuna, ku ji yadda makon nan ya kaya da ni.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Fiddausi, 'yar Bukuru da ke kusa da Jos. Nan aka haifi Baba, nan kakanmu ya zauna tun lokacin da ake haƙar kuza. A bayan layinmu akwai wani kududdufi, ɗaya daga cikin ramukan da masu haƙar suka tafi suka bar mana. In ka hango shi daga nesa sai ka ce a ɗauke ka hoto a gabansa, ruwa kore shar, ko motsi ba ya yi. Ba wanda ya san iyakar zurfinsa. Famfon unguwarmu kuwa tun ina firamare rabonsa da ɗigon ruwa, shi ya sa can mata suke wanki, yara na biye da su.

Can autarmu Madina ta tafi. Hijabin Islamiyyarta take ɗaurayewa santsi ya kwashe ta. Mwadkon, ɗan maƙwabciyarmu Mama Gertrude, yana dawowa daga ƙwallo ya ji ihun mata, ko takalmi bai tsaya cirewa ba ya faɗa. Washegari aka ciro su, hannunsa na riƙe da gefen rigarta. Ita aka kai ta maƙabarta, shi aka kai shi coci, mutanen layi ɗaya ne suka raka su duka.

Bayan an watse daga zaman makoki Mama Gertrude ta shigo gidanmu, ta zauna a ƙofar ɗakin Umma ta ce, "Maman Fiddausi, kuka ya isa haka. Ruwan nan zai sake cin wani." Daga ranar muka kafa ƙungiyarmu, Iyayen Bakin Ruwa. Abu biyu kacal muke nema: a kewaye kududdufin da shinge mai ƙarfi, a kuma haƙa bohol a cikin unguwa don kada wata mace ta sake ɗaukar bokiti ta nufi can. Ita ce mai tara mata, ni ce mai rubutu, tunda ni na yi jami'a kuma ina zaune ba aiki.

Ban san neman tallafi sana'a ce mai zaman kanta ba sai da na shiga. Wani mai neman kujera ya zo ya tsaya bakin ruwan ya ɗau hoto da mu har da share hawaye, bayan zaɓe lambarsa ta daina shiga. Na koyi cewa sai kin yi rajista, rajista sai da lauya, banki ba ya buɗe miki asusu sai da rajista, masu tallafi ba sa kallonki sai da asusu. Da muka haɗa duk wannan da gumin mata masu awara da masu tumatir, sai kuma aka ce mu kawo shaidar an taɓa ba mu tallafi mun riƙe amana. To wa zai fara ba mu? Na zauna a shagon kwamfuta na cikin kasuwa har mai shagon ya daina tambayata me zan yi, kujera kawai yake turo mini. Wasu su ce ilimin mata suke tallafa wa, wasu noma, wasu zaman lafiya. Na taɓa murɗa takardarmu ta koma ta zaman lafiya, na rubuta cewa ai Musulma da Kirista ne suka mutu tare. Da na karanta wa Mama Gertrude ta kalle ni ta ce, "Yarona ba taron sulhu ya je ba. Ƙanwarshi ya je cirowa." A gabanta na yaga.

A cikin wannan yawon na haɗu da Mahdi, a wani taron bita na ƙananan ƙungiyoyi. Ba wanda ya nemi shawararsa, ya leƙo takardata ya ce, "Malama, kin sa siminti ba ki sa jigila ba. Da kai za a ɗauko shi?" Na galla masa harara. Da aka tashi ya zauna ya gyara mini lissafin tas. Akanta ya karanta, amma a lokacin yana kasuwar Farin Gada yana taya baffansa kula da lodin dankali da kabeji. Dogo ne, baƙi, ba ya son hula, in yana tunani sai ya yi ta murza gemun da bai gama fitowa ba. Baba ya ce yaron yana da hankali, amma shi ba zai ba mai jiran aiki 'yarsa ba. Muka jira. Watan jiya Allah ya yi, wata gidauniya mai suna Hasken Tudu ta ɗauke shi a sashen kuɗi. Baba ya ce ya turo magabatansa ranar Asabar.

Ita Hasken Tudu ɗin, tun kafin su ɗauki Mahdi mun riga mun tura musu takardarmu. Su kaɗai na gani sun ware tallafi don ƙananan ƙungiyoyin ƙaramar hukumarmu, kuma ba su nemi shaidar tallafin baya ba. Da ya samu aikin har tsokanarsa na yi, na ce to yanzu muna da ɗan gida. Ya yi dariya. Daga ni har shi ba wanda ya kawo komai a ransa.

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina gugar labulen falon Baba. Gwaggo Hasiya, yayar Baba, ta iso tun safe da buhun kayanta, ita da Umma suna musu a kan abin da za a ba baƙi.

"Masa da miyar taushe," in ji Gwaggo. "An gama magana."

Umma ta ce, "Yaya, da an ƙara da gwate, garin da sanyi."

"Gwate a gaisuwar aure? So kike a ce mun raina su?"

Wayata ta yi ƙara. Imel ne daga gidauniyar. Na karanta ban gane ba, na sake karantawa. Ƙungiyarmu ta shiga zagaye na ƙarshe. Za su ziyarci kowace ƙungiya su ga aikinta da idonsu kafin su yanke hukunci. Na saki dutsen guga a kan labule na kurma ihu har Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Ke! Wace irin amarya ce wannan?"

"Gwaggo, bohol! Umma, sun zaɓe mu!"

Labulen dai ya ƙone. Umma ba ta ko yi faɗa ba, ta ɗaga hannu sama tana hawaye.

Na ɗauki hoton saƙon na tura wa Mahdi, na rubuta, "Ka gani?? Alhamdulillah!" Ya buɗe nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Can sai ga amsa: "Zan zo bayan la'asar. Kada ki faɗa wa Mama Gertrude tukuna."

Duk wadda ta taɓa soyayya ta san irin wannan saƙon.

An yi yayyafi da rana, gari ya yi sanyi. Na sa doguwar rigar atamfa mai ruwan toka, na ɗora suwaita a kai, na yafa mayafi, ko hoda ban shafa ba. Na tarar da shi a zaure a tsaye da kayan ofis. Na ajiye masa shayi, ko kallon kofin bai yi ba.

"Lafiya? Ko a ciki kake taya ni murnar?"

"Ina taya ki murna, Fiddausi. Wallahi ina taya ki. Zauna."

Na zauna a bakin benci.

"Yau Madam Okwuchi ta tara mu," ya ce. Ita ce ogarsu, shugabar shirin tallafin. "Ta karanto ƙungiyoyin da suka kai zagayen ƙarshe. Sannan ta ce duk ma'aikacin da ke da alaƙa da wani a cikinsu, ta jini ko ta aure ko ta neman aure, ya faɗa kafin Litinin."

"To ka faɗa mana. Ai ba sata muka yi ba."

"In na faɗa za a cire ku."

"A cire mu kamar yaya? Ba kai ne za ka janye daga hukuncin ba?"

"Da a wani sashen nake, haka ne. Amma ni a kuɗi nake. Duk wanda aka ba, ta hannuna za a riƙa sakar masa, ni zan duba rasit ɗinsa. An taɓa yi musu abin kunya kafin na zo, shi ya sa ba sa ɗaga wa kowa ƙafa."

"Mun tura kafin a ɗauke ka!"

"Na sani."

"Ko harafi ɗaya ba ka sa a takardar nan ba!"

Ya ɗago ya kalle ni. "Lissafin wa ya gyara?"

Wallahi na manta.

"To in ka ja bakinka fa?" na ce a hankali. Ina faɗa ina jin kunyar kaina.

"In aka gano, ni kora. Ku kuma ba ku ba su har abada, kuma za su sanar da sauran gidauniyoyi. Aure a Jos ba ya ɓoyuwa, Fiddausi. Direban ofishinmu ma a layin baffana Nura yake."

"To ni zan fita daga ƙungiyar. Yau ɗin nan."

"Na tambaya a kaikaice. Sai wanda ya shekara da fita."

"Baɗi fa?"

"Ba tabbas za a sake yi baɗi. In ma an yi, lokacin ke matata ce."

Shayin ya huce. Ruwa ya sake sakkowa yana dukan kwanon zauren. Na ce, "Akwai abin da ya rage, na ga ka ƙi faɗa."

"Ko in ajiye aikin, ko a ɗaga Asabar har a gama rabon." Ya murza gemu. "In an ɗaga, a fili ba abin da ya haɗa mu. Amma ni na san ƙarya ce, ke ma kin sani. In kuma na ajiye aikin, kin san abin da Baba zai ce. Ga Hajiya..."

Bai ƙarasa ba. Mahaifiyarsa na fama da ciwon suga, albashinsa na farko a kantin magani ya ƙare.

Na ce, "Ka ba ni zuwa Litinin. Kada ka ce mata komai tukuna. Zan samo hanya."

Ya gyaɗa kai. Ni kuwa da na faɗa ɗin, ban san ko ta ina hanyar take ba.

Washegari bayan an tashi daga makaranta na tafi bakin kududdufi. Kullum a wannan lokacin Mama Gertrude tana can, zaune a kan wani dutse da 'yar sandarta, tana korar yara. Tun rasuwar Mwadkon take wannan gadin, ba wanda ya sa ta. Damina ta fara, ruwan ya hau har ya shanye wurin da mata ke shanya.

"Fiddausi, fuskanki ya yi yaya haka? An ce mun ci."

Ashe Gwaggo ta riga ta baza. Kafin in zauna ma mata biyu masu wanki suka ɗago suna yi mini kirari, ɗaya ta ce, "'Yar boko ta kawo mana bohol! Ni a ƙofar gidana za a haƙa!" Na yi musu murmushin dole.

Na zauna a gefen Mama Gertrude na faɗa mata komai, ban rage ba.

"Wannan yaro Mahdi, yana son ki?"

"Yana so na, Mama."

"Ke kina son shi?"

Na sunkuyar da kai.

"To ki yi aurenki."

"Shingen fa, Mama? Shekarun da muka yi muna yawo fa?"

"Ni ina nan. Ƙafana bai mutu ba tukuna."

Tana rufe baki wasu yara biyu suka gangaro ta ɗaya gefen suna bin taya. Ta yunƙura za ta tashi, gwiwar ta ƙi. Ta dogara sanda ta sake yunƙurawa. Sai a lokacin na lura da yadda ƙafafunta suka kumbura har silifas ɗin ya nutse a ciki. Kafin ta miƙe tayar ta riga ta faɗa ruwa, ƙaramin ya tsuguna yana miƙa hannu. Ni na ruga na fisgo shi ta wuyan riga. Yana kuka yana cewa tayarsa.

Da na dawo ta koma ta zauna tana haki. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Na ce ki yi aurenki."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ranar Alhamis na karɓi kular abincin Baba na ce ni zan kai masa shago. Baba tela ne a kasuwar Bukuru, tun kafin a haife ni yake wannan shagon. Na tarar yana ɗinka shadda fara ƙal, tasa ta ranar Asabar. Rabon da in ga Baba ya yi wa kansa sabon ɗinki na manta.

"A'a, yau amarya ce da kanta?" Har da murmushi.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, alfarma nake roƙo. A ɗaga Asabar ɗin nan zuwa bayan damina."

Ƙafarsa ta tsaya a kan keken.

"Yaron ne ya aiko ki?"

"A'a, Baba."

"To faɗi dalili."

Na faɗa. Ina bayani yana kallon allura. Da na gama ya cire tabarau ya ajiye a kan shaddar.

"Wato ruwan nan bai ƙoshi ba. Ya cinye mini ɗaya, yanzu zai cinye auren ɗaya."

"Baba, ba fasawa za a yi ba..."

"Saurara. Na zuba miki ido kina yawo ofis-ofis da hoton 'yata a jaka kina nuna wa mutane. Ban ce miki komai ba. Kin san yadda nake ji in mutum ya shigo shagon nan ya ce, Malam, na ga Madina a waya?"

Tun ranar da aka binne ta ban sake jin sunanta a bakin Baba ba sai ranar.

"Na faɗa wa liman. Na faɗa wa 'yan uwana. In mutanen nan ba su zo ranar Asabar ba, kada su sake zuwa. Kuma ba zan shiga ɓoye-ɓoye don a yaudari masu ba da kuɗi ba."

"Baba, jiya ma wani yaro saura kaɗan..."

"Kowa ya riƙe ɗansa. Ni ma da na riƙe tawa..."

Ya mayar da tabarau ya taka keke da ƙarfi, zaren ya tsinke. Ya yi ta ƙoƙarin zura shi a allura, ya kasa. Na matsa na karɓa na zura masa. Na ɗauki kular jiya na fito.

Umma ma na gwada. Ranar Juma'a tana ƙulla mini lalle a ƙafa na ce, "Umma, ke me kika gani?"

Ba ta ɗago ba. "Ni kada ki tambaye ni. In na ce ki yi aure na ci amanar wadda ke ƙasa. In na ce ki bari na ci amanar wadda ke gabana. Miƙo ɗaya ƙafar."

Da lallen a ƙafata na yi ta bincike a waya ko akwai wata gidauniyar da ba ta rufe karɓa ba. Na kira Bisola, ƙawata tun jami'a da ke aiki da wata babbar ƙungiya a Abuja. Ta ce, "Fiddo, gaskiya zan faɗa miki, bana kowa ya tsuke aljihu. Irin naku ƙarami, in kuka rasa wannan sai dai wani ikon Allah." Na yi istihara, na tashi zuciyata na nan yadda take, rabi a nan rabi a can. Mahdi ya turo, "Kin yanke?" Na rubuta, "Tukuna." Ya turo, "Su Baffa sun sayi goro." Ban amsa ba.

Haka Asabar ta same ni, ban yanke komai ba.

Tun asuba gidan ya kacame. Ƙanshin masa, hayaƙin turaren wuta, maƙwabta na shigowa da kujeru. Da hantsi magabatan Mahdi suka iso, Baffa Nura ne a gaba da babbar riga ruwan ƙasa, aka shigar da kwandon goro da kwalayen alawa falon Baba. Ni ina ɗakin Umma, an sa ni leshi mai ruwan sararin samaniya, Gwaggo na ɗaura mini kallabi tana kwancewa, wai bai zauna ba.

Wayata ta girgiza a cinyata. Mahdi.

"Madam ta kira ni da safe, wai ziyarar ba-zata, tana son ɗan sashen kuɗi ya bi ta. Ban san ina za mu ba."

Kafin in amsa wani saƙon ya shigo.

"Fiddausi, mun shigo Bukuru."

Sai da na karanta sau biyu abin ya dake ni. Ƙungiyarmu ba ta da ofis. Ɗan shagon da ke jikin zauren gidanmu muka share muka sa tebur, muka kafa allo a ƙofa, shi muka rubuta a matsayin adireshi.

Na rubuta, "Ka ce ba ka da lafiya! Ka sauka!"

"Tana gefena."

"Ka ce ku wuce bakin kududdufi, zan turo Mama Gertrude."

"Na faɗa. Ta ce ofis za a fara gani."

"Mahdi, su Baffa suna falo!"

Ya buɗe. Bai amsa ba.

"Ke, ina za ki? Ban gama ba!" Gwaggo ke kirana. Na fisgi mayafi na fita, ko takalmi babu. Na ratsa mata a tsakar gida, na wuce ƙofar falo inda nake jin muryar liman, na faɗa zaure. Farar mota ta riga ta tsaya a bayan motar su Baffa.

Wata mata gajera mai tabarau ta fito, sanye da atamfa da takalmin yawo, ta dubi allon ƙungiya, ta dube ni. Da Hausa tsaf ta yi magana, irin ta wanda aka haifa a garin nan.

"Ke ce Fiddausi? Ni ce Okwuchi, daga Hasken Tudu. Takardarku ta hana ni cin abinci ranar da na karanta ta." Ta kalli leshina, ta kalli lallen ƙafata, ta yi dariya. "Ayya, 'yata, biki ake yi? Mun faɗo muku a ranar da ba ta dace ba. Wa ake aurarwa?"

Mahdi ya fito ta ɗaya ƙofar a hankali. Katin aikinsa na rataye a wuya. Fuskarsa kamar an watsa mata toka.

Na buɗe baki ke nan sai ga Baffa Nura ya fito daga zaure da makullin mota a hannu, ashe sun manta kwalin dabino a but ɗin motar. Ya ja ya tsaya.

"A'a! Mahdi? Kai da aka ce ka zauna a gida?" Ya fashe da dariya har yana dafa bango. "Ina ka taɓa ganin mai neman aure ya biyo magabatansa gidan surukai? Ka kasa haƙuri ne? To kwantar da hankalinka, an ba ka! Yanzu aka shafa fatiha!"

Kamar jira ake, guɗar Gwaggo ta tashi daga cikin gida, mata suka amsa.

Murmushin Madam Okwuchi bai ɓace lokaci ɗaya ba, a hankali ya zare. Ta cire tabarau ta goge da gefen zani. Ta kalli Baffa, ta kalle ni, sannan ta juya ga Mahdi.

Daga ƙarshen layi na hango Mama Gertrude tana tahowa tana ɗingishi da sandarta, mata na biye da ita, wasu da kumfar wanki a hannu. An faɗa musu motar bohol ta zo. Suna tafe suna tafi.

"Mahdi," in ji Madam, muryarta ƙasa-ƙasa. "Akwai abin da kake son faɗa mini?"

"Akwai, Madam."

Ya kama igiyar katin da hannu biyu ya fara ɗaga ta sama zai cire.

"Yaro."

Ban ji fitowar Baba ba. Yana tsaye a bayana cikin farar shaddarsa, bai ɗaga murya ba.

"Mayar da abin nan wuyanka. Mai aiki na ba 'yata."

Hannun Mahdi ya tsaya a daidai kunnuwansa, igiyar ba ta fita ba, ba ta koma ba. Matan suka iso, tafin ya mutu ɗaya bayan ɗaya. Mama Gertrude ta dubi katin, ta dubi Baba, ta gane. Ta jingina da sandarta kamar za ta faɗi.

Mahdi ya kalle ni. Madam ta kalle ni. Ina jin idon Baba a ƙeyata. A cikin gida kuwa ba su san komai ba, guɗa kawai suke yi, suna kiran a kawo amarya.

Na buɗe baki. Wallahi ban san sunan wanda zan fara kira ba.